Alhakin Inna da Akwatin Waifai

Ni na sayi akwatin waifan nan, ni kuma na sa aka kafa masa dogon ƙarfe a kan rufin ɗakina. Gidanmu na Haɗeja irin tsofaffin gidajen cikin gari ne masu kaurin bango, da ka wuce zaure sabis ya sallame ka. Kafin zuwan akwatin, duk mai son ya yi kira ko ya buɗe saƙo sai ya fita ƙofar gida ya tsaya kusa da mai rake yana ɗaga waya sama. Koyarwa nake yi, kullum ana turo mana takardu ta waya, na gaji da zura hijabi a kan kowane ɗan saƙo. Da aka haɗa shi da sola ya fara aiki, na ba kowa na gidan lambar sirri, ban ware kowa ba.

Ba mu da yawa a gidan. Akwai Inna, mahaifiyarmu. Akwai Yaya, mai noman shinkafa a fadama, da matarsa, da 'yarsu budurwa da ta gama sakandare tana zaman jiran gurbin karatu. Sai ni, da na dawo gida bayan rasuwar mijina, na karɓi ɗakin da ke kallon na Inna.

Inna mutumiyar Guri ce. Shekara da shekaru tana bandar kifi tana kawowa kasuwar Haɗeja, da kifin nan ta yi mana karatu, da shi ta sauke farali. In ta ɗaga murya a wannan bakin kasuwar kifi, na can ƙarshe sai ya waiwayo. Amma duk tsiwarta mace ce mai tsananin kame kai. Ba ta cin abinci a gaban baƙo. Ni da ta haifa, sai na yi dogon tunani kafin in tuna ranar da na ga kanta babu ɗankwali.

Wata damina hawan jini ya kayar da ita a bakin rijiya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma fita ɗaya-ɗaya da ƙyar. Da za a sallame mu daga asibiti likita ya ja mana kunne, ya ce magani kaɗai ba zai yi ba. Ya ce a riƙa fito da ita tsakar gida, a sa ta taka ƙafar, a ja ta da hira ko da ba ta so, domin in ta daina magana harshen zai ƙara nauyi, in ta daina takawa ƙafar za ta sandare.

Ba zan ci haƙƙin 'yar Yaya ba, a wannan aikin duk ta fi mu. Wasan jika da kaka ne tsakaninsu tun tana rarrafe. Da safe za ta leƙa ɗakin ta ce, "Tsohuwa, har yanzu kina nan? Yaushe za ki bar mini ɗakin nan in sa gadona?"

Inna ta yi ta kokawa da harshe har ta samo amsa. "Sai... na ga... wanda zai... kwashe ki... ja'ira."

Mu yi ta dariya, ita ma ta yi da rabin fuskarta mai motsi. A haka maganar ta fara sakuwa, har Inna ta kai tana zagaya tsakar gida da sanda, tana yi wa matar Yaya faɗan gishiri ya yi yawa a miya.

Ranar da abin ya faru sunan jikar wata maƙwabciyarmu ake yi, mai sayar da atamfa, gidanta bango ɗaya da namu. Wannan ce fitar Inna ta farko tun da ta kwanta. Na ɗaura mata ɗankwali, na yafa mata mayafi, na riƙe ta muka taka a hankali. Mata suka yi ta barka da arziki, aka ba ta kujera a inuwa. Sai ga mai atamfa ta taho da waya a hannu, baki har kunne.

"Hajiya, ashe kin zama tauraruwa ba mu sani ba! Wallahi har daga Birniwa 'yata ta turo mini. Dubi nan, dubi!"

Ta kai wayar daf da fuskar Inna. Ina tsaye a bayanta, don haka tare muka gani. Inna ce a zaune a bakin gadonta tana shan kunu da hannun hagu. Ɗankwalin ya zame, furfurarta duk a waje. Kunun yana zubowa ta gefen bakin da ya karkace yana bin haɓa. Muryar 'yar Yaya tana tsokanarta daga bayan waya, Inna tana ƙoƙarin ramawa, kalmar ta maƙale, ta yi ta maimaita gaɓa ɗaya. An ɗora wani kiɗan barkwanci a kai, an kuma yanko wurin maƙalewar an jera shi yana ta dawowa daidai da kiɗan. A ƙasa ga sharhin mutanen da ba su taɓa sanin Inna ba, kowa da fuskar dariyarsa.

Mai atamfa ta karkace nata bakin ta kwaikwayi gaɓar, wasu mata biyu suka tuntsire. Inna ta sa hannun hagu ta jawo mayafi ta rufe bakinta, ta ɗago ido ta dube ni.

"Auta... kai ni... gida."

Ban san yadda muka ƙaraso ba. Na kwantar da ita, na fito tsakar gida, na ƙwala wa yarinyar kira. Ta fito tana taunar cingam.

"Ke, uban wa ya ce ki ɗauki Inna ki watsa wa duniya?"

"Kai, Gwaggo, wasa ne fa. Kin ga yadda mutane suke son ta kuwa? Kowa cewa yake kakar nan ta burge shi."

Uwarta ta leƙo daga kicin da muciya a hannu. "Haba, ke kuwa. Wasan jika da kaka ne, tun kafin a haife mu ake yi. Ni ma na gani, wallahi sai da na yi dariya."

Na ce mata wasan jika da kaka a tsakar gida ake yin sa, kakar tana ji tana ramawa, in ya ishe ta ta ɗauki sanda. Wa Inna za ta rama wa a cikin waya? Ƙartin da ke zaune a tashar mota suna kallon kanta a buɗe? Na faɗi maganganu da yawa a ranar, wasu ba za su rubutu ba.

Yaya ya dawo da yamma, taɓo har gwiwa, muryarsa a dishe saboda korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa. Ya ji bayani, ya daka wa 'yarsa tsawa, ta goge bidiyon tana turo baki. Ta tsaya daga ƙofar Inna ta ce, "To, a yi haƙuri," kamar wadda ta taka wa mutum takalmi. Yaya ya ce shi ke nan, magana ta wuce, a ba shi tuwonsa. Gogewar ba ta tsinana komai ba, tunda bidiyon ya riga ya shiga wayoyin mutane, kowa yana tura wa wani.

A wurin Inna maganar ba ta wuce ba. Ta sa na sauke labulen ƙofarta, ta hana a ɗaga. In an gaishe ta sai ta ɗaga hannu kawai. In na kai abinci ba ta taɓawa sai na fita, in na dawo in tarar ta ɗan tsakura ta ture. Ko da ni kaɗai ce a ɗakin, mayafin nan yana kan bakinta. Sandar ta koma jingine a lungu. Ina ganin ƙafar da muka sha wahala a kanta tana komawa yadda take, wuyanta yana ramewa. Na roƙe ta, na yi mata kuka, na tuna mata maganar likita. Ta juya fuska bango.

Ita kuwa yarinyar ta ɗan yi kumbure-kumburenta, sannan ta ware. Wata safiyar Asabar ina shanya na gan ta ta jingina waya a jikin turmi, ta ja baya, tana rawa tana motsa baki tana bin waƙa. A gaban labulen Inna. Da waifan da na kafa. Uwarta tana wanke-wanke tana ce mata ta gyara gyalenta ya fi kyau a hagu. Na bar sauran kayan a bokiti, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ce yau za ku san da wa kuke zaune.

Da farko niyyata in zare wayar akwatin in jefa shi cikin sif. Har na kai hannu sai na fasa. In na yi haka kowa ya san ni ce, a yi ta ba ni haƙuri, Yaya ya sa baki, kwana kaɗan in mayar. Wannan ba horo ba ne. Sai na tuna ranar da mai shagon ya zo haɗawa, ya kifa akwatin ya nuna mini wata 'yar takarda a gindinsa mai lambobi, ya ce in na rubuta su a wayata zan shiga cikin akwatin in canza abin da nake so. A lokacin ko saurarensa ban yi da kyau ba. Na kifa akwatin, na sa tabarau, na kwafe lambobin.

Shafi ya buɗe, duk Turanci. Na yi ta dannawa ina komawa baya har na faɗa wani wuri da aka yi domin iyaye masu son taƙaita wa 'ya'yansu yawo a intanet. Akwai gurbin da ake rubuta sunan shafin da ba a so a buɗe. Na zauna na rubuta su kaf: na bidiyon rawa, na hotuna, na hira, na zumunta, duk wanda na san sunansa da wanda na taɓa ji a bakinta. Na danna ajiye. Akwatin ya ɗauke numfashi ya dawo.

Na yi kuskure a karon farko, ashe gidan gaba ɗaya na rufe. Da azahar Yaya ya tsaya a ƙofata yana jujjuya waya, ya ce, "Auta, abin nan naki ya mutu ne? Manoma suna turo labarin ruwa a bakin jinga, ni shiru." Lokacin kogi ya cika, kowa hankalinsa yana kan gonarsa. Na ce bari in duba. Na koma na buɗe da sauri, don ba da Yaya nake yi ba.

Da na natsu sai na gano akwatin yana nuna kowace waya da ke jone da shi daban, kuma ana iya ɗora wa ɗaya doka a bar sauran. Matsalar ita ce ban san wacce ce tata ba. Na leƙa na kira ta da murya mai daɗi, na aike ta sayen daddawa a bakin titi. Ina kallon shafin, tana fita zaure waya ɗaya ta ɓace, tana dawowa ta sake bayyana. Na ce yawwa, ga ki nan. Na ɗora mata dokar ita kaɗai. Shafin neman makaranta da na wa'azi da na bincike duk na bar mata su a buɗe, ni malama ce, ba zan tare wa yarinya karatu ba.

Ban daɗe da gamawa ba na ji ta tana tsaki a tsakar gida. Ta kashe wayar ta kunna. Ta matso kusa da ɗakina, ta koma bakin rijiya, ta ɗaga ta sama. 'Yar da'irar nan tana ta juyawa a fuskar wayar, babu abin da ya buɗe. Can ta leƙo.

"Gwaggo, waifan nan lafiya kuwa?"

Na miƙa mata tawa wayar. Ta danna, bidiyo ya taso ras da kiɗansa. Ta gwada ta uwarta, ita ma lafiya lau. Ko kusa ba ta kawo ni a ranta ba. A wurinta Gwaggo ita ce wadda ke kiranta ta zo ta ƙara mata hasken waya.

Washegari ta hau a-daidaita ta tafi wurin masu gyaran waya a kasuwa. A can komai ya buɗe, mai gyara ya ce lafiyar wayarta ƙalau. Ta dawo da murna, tana shigowa gida da'irar ta ci gaba da juyawa. Ta koma, suka wanke wayar tas, hotunanta da yawa suka bi ruwa. Da ta dawo ta sake jonawa, wayar ta fito a shafina kamar baƙuwa, ta samu ta yi kallo na ɗan lokaci har tana ihun ta gyaru. Ina idar da sallah na sake damƙe ta. Ihun ya koma kuka.

Ana haka ta koma aron wayar uwarta. Tagar ɗakina tana kallon tsakar gida, ina ganin lokacin da ta karɓa. Na bar ta ta shiga, ta fara murmushi, sannan na rufe wayar uwar ita ma. Dama matar Yaya tana cikin lissafina, ba ita ce ta ce sai da ta yi dariya ba? Sai ga ta tana salati, hirar danginta ta tsaya, ta 'yan biki ta tsaya, ankon da ake ta turo hotonsa ba ta gani ba. Ta fizge wayar daga hannun 'yarta tana cewa, "Me kika taɓa mini? Me hannunki yake ɗauke da shi?"

Akwai wata waya da nake gani a shafin kullum wadda ba ta kowa ba ce a gidan. Ban sha wahalar gano mai ita ba. Mai atamfa ce. Matar Yaya ta ba ta lambar sirrina ba tare da ta tambaye ni ba, ita kuma ta ajiye tabarma a jikin bangonmu ta can ɓangarenta, tana tallar atamfofinta da waifaina, ta daina sayen data sam. Wato da abina ta sauke bidiyon da ta kai wa Inna fuska. Kan uba! Na jira. Ranar da ta shigo gidan ta miƙa wa yarinyar wayar ta ce ta gyara mata hoton wata shadda, yarinyar tana mayar mata, na rufe.

Ita ce ta fara furtawa. Da la'asar ta sake shigowa, ta ja matar Yaya gefen kicin, amma muryarta ba ta iya raɗa ba.

"Ke, ki duba fa. Ta mijinki tana yi. Ta ƙanwarsa tana yi. Ta wa da wa ce ta tsaya? Ni da ke da 'yarki. Su wa suka yi dariya? Wallahi alhakin Hajiya ne. Baiwar Allah ta je Makka da guminta, an tozarta ta, ta yi shiru. Wannan shirun ba banza ba."

Ina ɗaki ina gyaran takardun ɗalibai, na toshe baki da filo. Ni ban ce alhaki ba ne, ban kuma ce ba shi ba ne. Da matar Yaya ta tambaye ni ko ina ganin haka ne, na ce Allah ne masani, na ci gaba da jan jan biro.

Labari ya zaga unguwa. Ƙawayen yarinyar da ke zuwa gidan shan waifai suka ɗauke ƙafa, in sun haɗu da ita a hanya su ɓoye wayoyinsu a cikin hijabi. Ta kan sayi data ta tsaya a ƙofar gida, a can wayar tana yi, amma Yaya ya ce ba zai ga 'yarsa budurwa a tsaye kusa da mai rake tana danne-danne ba. Kuma wannan ma ya ƙara tsorata ta, a waje lafiya, da ta tako gidan da Inna take sai abu ya tsaya. Ta daina rawa, ta daina kwalliya, in za ta wuce ta gaban labulen sai ta yi sanɗa. Ta zauna a bakin rijiya ido ya kumbura.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Duk sanda na ji tsakinta sai in ji wani sanyi a raina. A kwanakin nan har ƙarin tuwo nake yi. Na ƙudurta ba zan buɗe musu ba sai an gama girbin shinkafa, in ma na ga dama sai bayan sallah.

Yaya ne kaɗai na san ya harbo jirgina. Wata safiya zai tafi gona ya tsaya a ƙofata, ya dubi akwatin, ya dube ni, ya daɗe.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ba komai. Allah ya ba Inna lafiya."

Na ce amin, ya saɓa fartanyarsa ya fita.

Sai dai duk wannan bai sa Inna ta ƙara loma ɗaya ba. Ina cin nasara a tsakar gida, a bayan labule kuwa kwanon abinci yana dawowa kamar yadda na kai shi. Ban gaya mata abin da nake yi ba, don na san ta, za ta ce in ji tsoron Allah. Tana dai jin koke-koken da ake yi a waje. Rannan ina shafa mata man zafi a ƙafa na ji ƙafar ta yi tauri kamar itace, na fita bayan ɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, matar Yaya ta riƙo hannun 'yarta, mai atamfa tana biye da su, suka zo suka durƙusa a gaban labulen. Yaya yana zaune a kan benci da carbi. Matar Yaya ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta zunguri 'yarta.

Na zaci irin haƙurin rannan za ta maimaita. Sai na ji muryarta ta karye. "Hajiya," ta ce, ita da ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai tsohuwa. "Hajiya, na cuce ki. Na ga ɗankwalinki ya faɗi ban gyara miki ba, na tsaya ina ɗauka. Don Allah ki yafe mini. Ko wayar ba ta gyaru ba, ki fito ki ci abinci. Ni ce na sa kika daina ci, na sani."

Mai atamfa ta fara gyara durƙuso. Can muka ji daga ciki, a dishe.

"Auta."

Na shiga da gudu. Inna ta nuna kanta da hannu. Na ɗauko ɗankwalinta mai kyau na ɗaura mata, ta shafa ta tabbatar ya zauna. Ta nuna ƙofa. Ƙafar ba ta ɗauke ta ba, sai da Yaya ya shigo muka tallabe ta mu biyu muka zaunar da ita a kujera a tsakar gida. Hasken rana ya sa ta runtse ido. Ta dubi su ukun a ƙasa, sannan ta sauke mayafin daga bakinta.

"Ni... ban yi wa... kowa... Allah ya isa ba." Ta huta. "Jikata ce. Na... yafe."

Yarinyar ta kifa kai a gwiwar Inna tana kuka. Matar Yaya kuwa ba ta iya haƙuri ba, ta zaro wayar 'yarta ta danna a fakaice. Da'ira tana juyawa. Ta danna tata, haka. Suka dubi juna ita da mai atamfa. Mai atamfa ta sunkuyo ta yi irin raɗar tata da kowa ke ji.

"Anya ta kai zuci kuwa?"

Na ga fuskar Inna ta canza, hannunta ya fara laluben bakin mayafin. Fushina bai huce ba, ko rabi bai yi ba, girbi kuma da saura. Amma uwata ta buɗe baki a gaban mutane ta ce ta yafe, ba zan bari maganarta ta faɗi ƙasa ba. Na ce bari in kawo wa Inna ruwa. Na shiga ɗaki, na cire dokar daga wayar yarinyar da ta uwarta. Ta mai atamfa na dube ta, na bar ta yadda take.

Kafin in fito da kofin, wayoyin biyu suka ɓarke da ƙara, saƙonnin da suka taru suna ta shigowa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Matar Yaya ta saki wayar a ƙasa tana salati. Yarinyar ko kallon tata ba ta yi ba, tana riƙe da ƙafar Inna. Yaya ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Mai atamfa ta yi ta danna tata, ta girgiza ta, ta goge fuskarta da gefen zane. Babu komai. Ta yi tsuru-tsuru, ta ja gwiwa ta matso har gaban kujera.

"Hajiya, ni fa? Hajiya, don girman Allah, ni ma a sa ni a ciki."

Inna ta dube ta daga sama har ƙasa. Ta gyara zama, ta ɗora hannun hagu a kan sanda, ta fara. Ta tuna mata shekarar da ruwa ya ci gidansu, wa ya buɗe mata ɗaki ita da 'ya'yanta har ruwan ya janye. Ta tuna mata wa ya yi mata wankan jego da uwarta ta kasa zuwa. Ta tambaye ta ko a gidansu haka aka koya mata, a kwaikwayi bakin mara lafiya a taron suna. Kowace kalma sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito, wata ta maƙale ta yi ta maimaitawa, yawu ya zubo ta goge da kanta ta ci gaba. Babu wanda ya motsa, babu wanda ya ƙarasa mata kalma. Mai atamfa tana durƙushe a kan siminti, gumi yana bin wuyanta, tana ta "Haka ne, Hajiya."

Inuwa ta rufe kujerar, sauro ya fara fitowa daga kwata. Tun da ta kwanta ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba, na ji tsoron kada ta gaji. Na matso na dafa kafaɗarta, na ce, "Inna, ya isa haka, zo in mayar da ke ciki ki huta."

Ta ture hannuna ba tare da ta dube ni ba.

"Bar ni... Auta. Ban gama... da ita ba."